Mai Ɗaki Da Inda Ke Masa Yoyo: Tarihin Binciken Hankalin Baɗini

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Maganar haka take in ana batun ɗakin ciyawa ko na soro, amma akwai wani ɗaki guda da masana suka shafe fiye da shekara 200 suna gardama a kan ko mai shi ya san inda yake yoyo, wato zuciyar ɗan Adam. Sau nawa mutum kan tashi da fushi ya nemi dalili ya rasa? Sau nawa sunan wanda ya sani sarai kan ɓace masa, ko ya yi nufin faɗin wata magana wata dabam ta suɓuce daga bakinsa? Wani ma sai ya yi aure uku, kowanne ya mutu ta hanya iri ɗaya, kuma kullum yana rantsuwa laifin matan ne.

Amsar da wasu likitocin Turai suka bayar ita ce, akwai wani sashe na hankali da ke aiki ba da sanin mai shi ba. Da Jamusanci sun kira shi das Unbewusste, ma'ana abin da ba a sane da shi ba. Marubucin nan na Masar, Salama Musa, da ya yi littafi a kan batun a 1928, ya kira shi al-aƙlul baɗin. Mu ma a wannan maƙala sawunsa za mu bi mu ce hankalin baɗini, kishiyar hankalin zahiri wanda muke tunani da lissafi da shi muna sane.

Mun ga dacewar kawo tarihin wannan ra'ayi a mujallar marubuta ne domin duk mai ƙaga labari sana'arsa ke nan, shiga zukatan mutane ba sallama. In mai karatu ya bi mu a hankali zai ga abu guda yana ta maimaituwa: wannan ilimi ya ci gaba ne a duk lokacin da likita ya yi shiru ya saurari majinyaci, ya kuma yi ɓarna a duk lokacin da likita ya riga majinyaci sanin ƙarshen labarin.

Kafin Zuwan Freud

Da an ambaci hankalin baɗini sunan Sigmund Freud ke fara zuwa, har wasu na zaton shi ya gano shi. Ba haka ba ne, ya tarar an riga an share fage. Tun a farkon ƙarni na 18 masanin falsafar nan na Jamus, Leibniz, ya yi misali da rugugin teku. Wanda ke tsaye a gaɓa yana jin rugugin, amma ba ya jin ƙarar kowace igiyar ruwa ita kaɗai, alhali rugugin ba komai ba ne illa tarin waɗannan ƙananan ƙararrakin. Ashe ke nan kunne na ɗaukar abin da mai kunnen bai san ya ɗauka ba.

Sai dai a hannun masu magani ne abin ya fi ƙarfi. A 1778 wani likita mai suna Franz Anton Mesmer ya baro Biyana ya sauka Paris da da'awar cewa akwai wani ƙarfi mai kama da na maganaɗisu da ke gudana a jikin mutum, in ya toshe sai ciwo ya kama, shi kuma yana iya buɗe shi da shafa da ɗora hannu. Jama'a suka yi ta tururuwa. A 1784 Sarkin Faransa ya naɗa kwamitin bincike, cikinsu har da Benjamin Franklin da Lavoisier. Suka riƙa rufe wa mutane ido suna gwadawa, sai suka ga wanda aka ce masa ana yi masa aikin yakan faɗi yana shure-shure ko da ba a yi komai ba, wanda kuwa aka yi wa a ɓoye ko gezau. Kwamiti ya yanke cewa babu wani maganaɗisu, tunanin mutum ne ke yi masa aiki. An ƙaryata Mesmer, amma an bar babbar tambaya ba amsa: ta yaya tunani kawai zai kayar da mutum ƙasa?

A wannan shekara dai, wani almajirin Mesmer, basarake Puységur, ya gwada aikin a kan wani saurayi manomi mai suna Victor Race. Maimakon shure-shure sai saurayin ya shiga wani irin barci wanda a cikinsa yake magana tiryan-tiryan, yana faɗin damuwar gidansu wadda ba ya iya faɗa ido biyu, da ya farka kuma bai tuna komai ba. Wannan barci shi aka raɗa wa suna hifnosis daga baya, mu kuwa za mu ce masa barcin umarni. Zance ya yi ta bazuwa, har a 1869 Eduard von Hartmann ya wallafa babban littafi a kan falsafar hankalin baɗini, aka yi ta sake buga shi saboda kasuwa. A lokacin Freud bai wuce shekara 13 ba.

Mutumin Da Ya Buɗe Laima A Ɗaki

An haifi Freud a 1856 a garin Freiberg, wanda a yau ke cikin ƙasar Cek, iyayensa Yahudawa. Ya tashi a Biyana, babban birnin Ostiriya, inda ya gama karatun likita a 1881, fanninsa kuwa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A ƙarshen 1885 ya tafi Paris ya yi 'yan watanni a asibitin Salpêtrière wurin Jean-Martin Charcot, wanda a zamanin babu kamarsa a wannan fanni. Can ya ga masu ciwon da ake kira histeriya: mutum ya shanye, ko ya makance, ko bakinsa ya rufe, a duba jijiya a ga lafiya lau. Charcot kan sa majinyaci barcin umarni ya shanyar masa da hannu da magana kawai, ya kuma warware da magana. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, shanyewar ba ta bin hanyar da jijiyoyi suka bi a jiki, takan tsaya ne daidai inda wanda bai san ilimin jiki ba yake ɗauka nan hannu ya ƙare. Wato ciwon tunani yake bi.

A 1889 Freud ya ziyarci wani likitan Faransa, Hippolyte Bernheim, a garin Nansi, ya ga gwajin da bai manta da shi ba har tsufansa. An sa wani majinyaci barci, aka umurce shi in likita ya dawo ɗakin ya buɗe laima ya riƙa masa. Ya farka bai tuna da umarnin ba, amma likita na shigowa ya ɗauki laima ya buɗe a tsakar ɗaki. Da aka tambaye shi dalili bai ce bai sani ba, sai ya kawo hujja, wai tun da ana ruwa a waje ya ɗauka likita zai so ya buɗe laimar kafin ya fita. Mai karatu ya riƙe wannan mutum da laimarsa, domin a wurinsa gizo ke saƙar. Ya aikata abu saboda dalilin da ke ɓoye gare shi, sa'an nan ya ƙaga wani dalilin ya cike gurbi.

Maganin Magana

Wadda ta buɗe ƙofar magani kuwa majinyaciya ce. Daga ƙarshen 1880 zuwa tsakiyar 1882 wani babban likita a Biyana, Josef Breuer, abokin Freud, ya yi jinyar wata budurwa 'yar shekara 21, Bertha Pappenheim, wadda aka sakaya sunanta a rubuce da Anna O. Ciwo ya kama ta ne tana jinyar mahaifinta: tari, shanyewar gaɓoɓi, rikicewar gani, har ta kai ta kasa magana da Jamusanci sai Ingilishi. Akwai lokacin da ta yi kamar mako 6 ba ta iya shan ruwa duk da tsananin zafi, sai 'ya'yan itace. Ran nan cikin barcin umarni ta ba da labarin yadda ta taɓa ganin karen wata Baturiyar Ingila da ke zaune da su yana shan ruwa a kofi, ƙyama ta kama ta amma ta haɗiye don kara. Tana gama amayar da fushin sai ta nemi ruwa ta sha. Ita da kanta ta raɗa wa abin suna maganin magana.

Freud ya ɗauki wannan hanya, sai wata majinyaciyar ta ƙara gyara masa ita. Wata attajira ce da mijinta ya rasu, wadda ya sakaya da Emmy von N. Ta gaji da yawan tambayoyinsa, ta ce masa ya daina katse ta, ya bar ta ta faɗi abin da ke bakinta. Sannu a hankali ya bar barcin umarni, don ba kowa ke kamuwa da shi ba, ya kafa sabuwar ƙa'ida: majinyaci ya kishingiɗa a doguwar kujera, likita ya zauna ta bayansa, majinyaci ya faɗi duk abin da ya faɗo masa a rai, komai rashin ma'anarsa, komai kunyarsa, awa guda kullum, kwana 6 a mako. A 1895 shi da Breuer suka fitar da littafi a kan histeriya, a 1896 kuma ya raɗa wa hanyar tasa suna saiko'analisis, wanda za mu iya ce wa tonon zuciya.

Da ya zauna sauraro sai ya lura duk sa'ad da zance ya doshi wani wuri, majinyaci kan yi shiru, ko ya sauya magana, ko ya makara washegari. Wannan ya kira turjiya. Ya ce ƙarfin da ke turjewa yanzu shi ne tun farko ya danne abin ya tura shi baɗini, wannan kuma ya kira danniya. A laccocin da ya yi tsakanin 1915 da 1917 ya yi misali da gida mai ɗaki biyu: wani babban zaure cike da buƙatu suna turereniya, da ƙaramin ɗakin baƙi inda hankalin zahiri ke zaune, a bakin ƙofa kuma ga mai gadi yana mayar da duk wanda bai yi masa ba. Wanda aka mayar ba ya mutuwa, yakan sake kama ya dawo a matsayin ciwo, ko mafarki, ko suɓutar baki. A kula, wannan ba irin kunya ko kara da muka sani ba ce. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari ta san tana sonsa, jama'a take ɓoye wa. Danniya kuwa ita ce mutum ya ɓoye wa kansa, ya kuma manta ya ɓoye.

A ƙarshen 1899 ya fitar da littafinsa na fassarar mafarki, mai ɗauke da shekarar 1900. Kwafi 600 aka buga, sai da suka shekara 8 kafin su ƙare. Ra'ayinsa shi ne kowane mafarki biyan wata buƙata ce da aka danne, ta yi shigar burtu don ta wuce mai gadi, kuma ba a gane ta sai an bi abin da kowane ɓangaren mafarkin ke tuna wa mai shi. Malamanmu sun daɗe da kasa mafarki uku: na gaskiya, da na Shaiɗan, da na zancen zuci. Freud ya tattara duka ya zuba a buhu na uku. A 1901 ya biyo da nazarin mantuwa da suɓutar baki, inda ya kawo labarin shugaban majalisar dokokin Ostiriya da ya tashi buɗe zama sai ya sanar da cewa an rufe zama.

Inda Sauraro Ya Tsaya

Da a nan labarin ya ƙare da ya yi daɗi. Amma takardun da suka fito bayan mutuwar Freud sun nuna wata fuskar. A 1895 ya miƙa wata majinyaciyarsa, Emma Eckstein, ga amininsa Wilhelm Fliess, likitan hanci daga Balin, ya yi mata tiyata a hanci. Fliess ya manta ƙyallen bandeji mai tsawon rabin mita a cikin raunin, da wani likita ya zaro shi jini ya ɓalle har ta kusa mutuwa. Shekara na zagayowa Freud ya rubuta wa Fliess cewa ya gano jinin nata na begen a kula da ita ne. Ga dai hankalin baɗini an mayar da shi mayafin rufa wa aboki asiri. Sai a 1985 aka buga waɗannan wasiƙu ba tare da an yanke komai ba.

A 1896 ya tsaya gaban likitocin Biyana ya ce majinyata 18 da ya bincika dukansu an yi lalata da su suna ƙanana, kuma wannan ne tushen ciwonsu. A watan Satumba na 1897 ya janye, daga baya ya ce yawancin abin tunanin yarinta ne, ya gina ra'ayinsa na cewa ɗa namiji kan yi kishin mahaifinsa a kan mahaifiyarsa, wanda ya sa wa sunan Oedipus na wasan kwaikwayon Girkawa. Masana sun rabu biyu a kan wannan juyi. Wasu sun ce ya juya wa yaran da aka zalunta baya, wasu sun ce tun farko shi ya matsa wa majinyatan da labarin da ba su kawo ba. Ko wanne ne gaskiya, likita ne ke yanke abin da ya faru a rayuwar wani.

Labarin da ya fi fito da wannan shi ne na Ida Bauer, 'yar shekara 18, wadda ya sakaya da Dora. Mahaifinta ya kawo ta a 1900. Ta ce mahaifin nata na neman matar abokinsa, abokin kuma ya daɗe yana damunta da nema tun tana yarinya, kuma ta gane an mayar da ita abin musanye. Freud ya yarda haka abin yake, amma ya nace cewa a baɗini tana son mutumin, a'a ɗin da take cewa ma shaida ce. Bayan mako 11, ranar 31 ga Disamba, ta ce masa yau ce zuwanta na ƙarshe. Da ya zauna neman dalilin tafiyarta ya fito da wani ra'ayi da har yau masu wannan aiki ke amfani da shi: majinyaci kan kwaso so ko ƙi da yake yi wa wani babba a rayuwarsa ya jibga wa likita, kamar ya ara masa fuskar wancan. Ra'ayin na da amfani, amma yarinyar ta faɗi gaskiyarta da hankalinta na zahiri, ba a saurare ta ba.

Anna O. ma, wadda littafin 1895 ya nuna kamar ta warke, a 1972 masanin tarihi Henri Ellenberger ya bayyana takardun da suka nuna cewa wata guda bayan Breuer ya sallame ta an kwantar da ita a wani asibiti a Kreuzlingen ta ƙasar Suwizalan, da sauran ciwo, ga kuma sabo da allurar mofin. Ta warke daga baya, ta kafa ƙungiyar matan Yahudawa ta Jamus a 1904, ta yi suna wajen yaƙi da fataucin mata, har Jamus ta Yamma ta sa hotonta a kan sarki a 1954.

Yaƙi Da Rabuwa Da Hijira

Duk da haka ra'ayin ya bazu. A 1909 aka gayyaci Freud Jami'ar Clark a Amurka, a 1910 aka kafa ƙungiyar masu tonon zuciya ta duniya. Ba a daɗe ba aka fara ɓallewa. Alfred Adler ya fita a 1911, Carl Jung na Zurik ya rabu da shi a 1913. Jung bai yarda sha'awa ce tushen komai ba, ya kuma ce a ƙarƙashin baɗinin kowane mutum akwai wani na tarayya da 'yan Adam suka gada, wanda ke fitowa a tatsuniyoyi da almara.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo dubban sojoji masu rawar jiki da bebantaka ba tare da rauni ba, suna ta maimaita mafarkin ramin da bam ya tashi da abokansu. Wace buƙata irin wannan mafarki ke biya? Tilas a 1920 Freud ya sassauta ra'ayinsa, ya ce akwai wani abu a zuciya da ke tilasta maimaita abin da ya yi ciwo. A 1923 ya sake fasali ya kasa zuciya uku. Na farko ya kira shi Abin, wato tarin sha'awa da fushi wanda bai san haƙuri ba. Na biyu Ni, mai hulɗa da duniya yana auna riba da hasara. Na uku Na Bisa Ni, muryar iyaye da al'umma da ta shige ciki ta zama mai tsawa. Ya kwatanta Ni da mahayi, Abin kuma da doki, ya ce sau da yawa mahayin kan bi inda doki ke so yana nuna kamar shi ya zaɓa.

Mai karatu zai tuna da nafsul ammara da nafsul lawwama. Akwai kama, amma ba ɗaya ba ne, domin malamanmu na maganar matakan tarbiyyar rai ne zuwa ga Ubangiji, Freud kuwa bai yarda da addini ba, a littafinsa na 1927 ya ɗauke shi burin zuciya kawai. A wannan ba ma tare da shi, kuma ba a gadon majinyaci ya samo hukuncin ba. Abokinsa ma, Oskar Pfister, limamin coci a Zurik mai aiki da hanyarsa, ya mayar masa da martani a 1928.

A 1933 'yan Nazi suka ƙona littattafansa a Balin. Da suka haɗiye Ostiriya a 1938 ya yi hijira zuwa Landan, inda ya mutu ranar 23 ga Satumba 1939 bayan shekara 16 yana fama da ciwon daji a muƙamuƙi. 'Yan'uwansa mata 4 da ya bari sun mutu a sansanonin Nazi.

Abin Da Ya Faɗi Da Abin Da Ya Tsaya

Suka ta zo ta fuskoki da yawa. A 1927 Bronislaw Malinowski ya nuna cewa a tsibiran Trobriand, inda iko ke hannun kawu, ƙullin yaro kan kawun yake faɗawa, ke nan gidan Biyana ba shi ne gidan duniya duka ba. Karl Popper ya ce ra'ayin da in ka ce i ya ci, in ka ce a'a ya ce turjiya ce, ba a iya gwada shi, saboda haka ba kimiyya ba ne. A 1952 aka fara amfani da maganin chlorpromazine a Paris ga masu taɓin hankali mai tsanani, a 1980 kuma kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya yi watsi da yawancin bayanan Freud. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 wasu masu ba da shawara a Amurka suka riƙa tono wa mutane abubuwan da wai sun danne, gidaje suka watse, aka je kotuna. A 1995 Elizabeth Loftus ta gwada mutum 24, ta nuna ana iya sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu su tuna ɓatan da ba su taɓa yi ba suna yara. Mai tono yana iya zama mai shuka.

Amma mutumin nan mai laima bai faɗi ba. A 1911 Édouard Claparède na Janiba ya ba da labarin wata mata mai ciwon mantuwa da ya gaisa da ita da allura ɓoye a hannunsa. Can an jima ta manta da abin ƙaf, amma ta ƙi sake ba shi hannu. A 1977 Nisbett da Wilson a Amurka suka jera safa kafa 4 iri ɗaya sak, masu saye suka fi zaɓen ta hannun dama, kowa kuma ya kawo hujjar laushi ko kyan saƙa. Yau babu mai musun cewa yawancin aikin ƙwaƙwalwa a ɓoye yake gudana, kuma mutum gwani ne wajen ƙaga dalili bayan ya aikata. Abin da bai tabbata ba shi ne cewa duk abin da ke ɓoye sha'awa ce da aka danne. Maganin magana kuma na nan da ransa ta hanyoyi iri-iri, galibi fuska da fuska, sau ɗaya ko biyu a mako, kafaɗa da kafaɗa da magungunan asibiti.

Rabon Marubuci

Freud da kansa ya yi mamakin yadda rahotannin majinyatansa ke karantuwa kamar gajerun labarai, kuma babbar kyautar da ya samu, ta Goethe a 1930, ta masu alƙalami ce. Marubuta ma sun ɗebi rabonsu. Italo Svevo na Italiya a 1923 ya ƙagi mutumin da ke rubuta tarihinsa bisa umarnin likita, kullum yana alwashin wannan ce sigarinsa ta ƙarshe. Najib Mahfuz na Masar a littafinsa Al-Sarab na 1948 ya zana saurayin da shaƙuwa da mahaifiyarsa ta hana aurensa zama.

Mu fa? Sau da yawa taurarin labaranmu sun san kansu fiye da kima. Mugu ya san shi mugu ne, kishiya ta san hassada take yi, kowa na bayyana dalilinsa dalla-dalla kamar mai ba da shaida gaban alƙali. A rayuwa ba haka abin yake ba. Uwar mijin da ta tsani matar ɗanta ta gaskata har zuciyarta cewa gishirin miya ne matsalar. Uban da ya tilasta wa 'yarsa auren attajiri yana kwana da yaƙinin gata ya yi mata, bai taɓa haɗa abin da wulaƙancin talaucin da ya sha yana yaro ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Aikin marubuci ya bar tauraro ya faɗi dalilin da ya gaskata, ya kuma ajiye alamun da mai karatu zai hango ɗaya dalilin: sunan da aka manta, ziyarar da kullum ake ɗagawa, fushin da ya fi laifin girma.

Darasi na biyu daga Dora yake. Marubucin da ya riga ya yanke wa'azin da zai yi, sa'an nan ya tanƙwara taurarinsa su dace da shi, ya yi abin da Freud ya yi wa yarinyar nan, kuma masu karatu za su yi masa abin da ta yi, su tashi su bar shi. Haka nan kada wanda ya karanta shafi biyu a kan wannan ilimi ya shiga fassara zukatan maƙwabta da ɗalibai da matan aure, yana cewa a'arsu i ce. Mai ciwon zuciya na gaske likita yake buƙata da kunnen da zai saurare shi.

Kammalawa

Tarihin nan bai rushe karin maganar da muka fara da ita ba, gyara ya yi mata. Mai ɗaki ba kullum ya san inda ke masa yoyo ba, wani lokaci yakan ga jiƙa a nan alhali ɓular na can. Amma shi ke kwana a ɗakin, kuma baƙon da ya shigo da tsani ya hau rufi kafin ya tambaye shi ya fi shi kusa da kuskure. Wanda zai shiga zuciyar wani, likita ne ko marubuci, sai ya fara da doguwar saurare. Allah ya sa mu dace, amin.